Jikina Ne, Kuɗina Ne

Akwai wata magana da na sha ji a bakin mutanenmu a nan ƙasar Ingila, ni kaina kuma na sha faɗinta a lokacin da nake cikin masu zuƙa: "Jikina ne, kuɗina ne, ina ruwan wani?" Magana ce mai daɗin faɗi, musamman idan mutum yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin karatu cikin sanyin watan Janairu, hannu ɗaya a aljihu ɗaya riƙe da kara, sai ga wani ustazu ya zo wucewa ya ja burki zai fara nasiha. Da ita ake sallamarsa, ya tafi yana girgiza kai. Shekara 12 na yi ina shan taba, na ajiye ta a shekarar 2021, kuma tun daga lokacin nake jujjuya wannan magana a raina, ina son in gane ko gaskiya ce, ko kuwa mayafi ne kawai muka samu muke lulluɓa da shi.

Bari in fara daga gida, domin can kusan dukkanmu muka koyo. Ni a bayan katangar makarantar kwana na fara, ina ɗan shekara 16, wurin wani mai tebur da ke sayar da ita kara ɗaya-ɗaya tare da ashana da alewa. Duk wanda ya sha taba a ƙasar Hausa ya san cewa rabin aikin ɓuya ne. Ka nemi lungu, ka zuƙa cikin sauri kana waige-waige, ka wanke hannu, ka jefa Tom Tom ko ɓarin goro a baki, sannan ka yi ta yawo a waje har iska ta kwashe warin kafin ka shiga gida. Na taɓa ganin magidanci mai 'ya'ya huɗu ya dunƙule kara mai wuta a cikin tafin hannunsa saboda wani abokin mahaifinsa ya ɓullo daga kwana. Ya durƙusa ya gaida dattijon, aka yi ta ina gajiya ina iyali, wuta na cin hannunsa, bai ko yamutsa fuska ba.

Da na sauka a Manchesta a 2018, sai na tarar babu abokin mahaifin kowa. Babu mai unguwa, babu limamin da ya raɗa maka suna, babu tsohuwar da za ta kai rahoto gida. Gaskiya ne tun ranar 1 ga Yulin 2007 doka ta hana shan taba a cikin ofisoshi da gidajen cin abinci da sauran wuraren taruwar jama'a masu rufi a Ingila, amma da zarar ka fito bakin titi ba wanda zai ko kalle ka. Kara uku da nake sha a rana a gida, kafin shekara ta zagayo sun zama goma sha biyar. Wannan shi ne abu na farko mai ɗaci da na gane game da kaina: ashe abin da nake ɗauka kamun kai ne, idon mutane ne kawai. Da ido ya kau, sai ya zamana babu komai a ƙarƙashi. Ina jin ba a kan taba kaɗai wannan ya tsaya ba ga yawancinmu da ke zaune a ƙasashen waje, amma wannan zance ne na wata rana.

To, mai cewa "jikina ne" yana da'awar abu biyu ne a lokaci guda. Yana cewa shi ya zaɓa da kansa, yana kuma cewa cutarwar a kansa kaɗai ta tsaya. Mu ɗauki na farko.

Wane ne ya zaɓa? Idan na duba, yaro ne ɗan shekara 16 da ke son a ce shi ma ya girma. Wannan yaron ba za a ba shi ajiyar kuɗin gida ba, ba za a ɗaura masa aure ba, ba za a saurari ra'ayinsa a taron dangi ba. Amma shi ne ya yanke hukuncin da wani mutum ɗan shekara 28, mai digiri biyu, yake biya kullum safiya. Shi kuwa babban ba a taɓa tambayarsa ba. Abin da ke faruwa a jiki sananne ne ga 'yan'uwanmu masu karatun likitanci: sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan zuƙa, ƙwaƙwalwa ta saba da shi ta gyara zamanta a kansa, sannan cikin kamar awa biyu rabinsa ya fita daga jini. Daga nan sai ƙunci ya fara, da saurin fushi, da kasa tattara hankali. Ka kunna wani karan, ƙuncin ya tafi, ka ce taba tana kwantar maka da hankali. Alhali ita ce ta tayar da shi tun farko. Kamar mutum ne ya ɗaure ka da igiya, lokaci-lokaci ya sassauta ta, kai kuma kana yi masa godiya. Su ma masu sarrafa ta sun san inda ƙarfinta yake. A watan Afrilun 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban majalisar dokokin Amurka bisa rantsuwa, suka ce ba su yarda nikotin yana kama mutum ba. Ba a daɗe ba takardun cikin gida na kamfanonin suka fito fili, aka ga sun daɗe da sanin akasin haka.

Masana falsafa sun jima suna kokawa da irin wannan hali. Sokratis na ƙasar Girka yana ganin babu mai aikata abin da zai cuce shi yana sane, cewa duk ɓarna jahilci ne ke kawo ta. Aristotal bai gamsu ba, ya ce akwai wanda ya san daidai sarai amma sha'awa ta rinjaye shi. Duk mashayin taba a ƙasar nan hujja ne ga Aristotal, domin kuwa a jikin kowane kwali akwai hoton ruɓaɓɓen huhu ko ƙafar da ta lalace, mu kan kalle shi, mu juya kwalin, mu zaro kara. Ba ilmi ne ya yi mana ƙaranci ba. Imam Gazali kuma a cikin Ihya'u ya yi dogon bayani kan yadda abin da mutum ke maimaitawa yake komawa ɗabi'a, har ya riƙa jin daɗin abin da asalinsa wahala ne. Wanda ya tuna tarin da ya yi da jirin da ya ɗebe shi a ranar da ya fara zuƙa zai fahimci wannan ba sai an yi masa sharhi ba.

Sai dai a nan akwai rami, kuma na daɗe a cikinsa. Da na fahimci cewa kamu ne, sai na sami sabon uzuri wanda ya fi na da kyau: ai ba laifina ba ne, ciwo ne, ba ni da iko. Abin da ya rushe mini wannan uzuri shi ne azumi. Azumin 2019 ya faɗo a watan Mayu, a Manchesta muna kame baki sama da awa 17. Ni da ba na iya zaman lacca ta awa biyu ba tare da na fara duba agogo ba, sai ga shi tun daga asuba har bayan ƙarfe tara na dare ban kunna ba, kwana talatin ko kusa da haka. Babu mai gadina. Ina ɗakina ni kaɗai, kwali yana kan tebur. Na sha wahala, kaina ya yi ta sara, amma ko sau ɗaya ban yi shawara da zuciyata a kan in sha ko kar in sha ba, saboda ƙofar a rufe take, zuciya kuma ba ta cika ƙwanƙwasa ƙofar da ta san ba za a buɗe ba. Ana kiran magariba kuwa, dabino ɗaya da kurɓin ruwa, sai waje. Wani abokin zamana ɗan Damagaram ya taɓa bi na da kallo ya ce, "Malam, kai da hayaƙi kake buɗa-baki?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Ke nan ikon yana nan, bai mutu ba. An raunana shi ne, kuma yana tashi idan ya sami dalilin da ya fi ƙarfin sha'awa, da tsarin da ya toshe hanyar ciniki da zuciya. Wanda ya ce mashayi yana da cikakken 'yanci bai faɗi daidai ba, haka ma wanda ya ce ba shi da ko kaɗan. Ɗan abin da ya rage masa kuwa, a kansa za a tambaye shi.

Yanzu da'awa ta biyu, wato cutarwar a kaina ta tsaya. Ba zan daɗe a kan hayaƙin da wasu ke shaƙa ba, don kowa ya san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su shan ta, zama kawai suka yi kusa da masu sha. Ba zan daɗe a kan kuɗi ba ma, ko da yake lissafin na da ban tsoro: a 2024 kwali mai kara 20 ya haura fam 14 a nan, wato mai shan kwali ɗaya a rana yana ƙona sama da fam 5,000 a shekara. Kowa ya juya wannan zuwa naira ko sefa ko sidi da kansa, ya kuma tuna ko kuɗin wa ne. Da yawanmu gona aka sayar, ko wata yaya ta cire ɗan kunnenta na gwal, ko kuwa kuɗin talakawan jiha ne aka kira shi tallafin karatu. "Kuɗina ne" magana ce mai nauyi a bakin ɗalibi.

Wanda na fi so mu tuna da shi wani mutum ne da ba ya nan ballantana ya kare kansa, wato kai ɗin nan idan ka kai shekara 55. Shi zai gaji wannan huhu da wannan zuciya. Shi za a kira idan 'yarka za ta yi aure, shi ƙannenka za su dogara da shi bayan iyaye sun kau, shi ne ƙasar da ta turo ka karatu take jira. A 1950 wasu masana biyu a Landan, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. Shi Doll mashayi ne, kuma tun binciken bai ƙare ba ya ajiye tasa. A 1951 suka fara bin rayuwar dubban likitocin Birtaniya, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna cewa mai shan taba tsawon rayuwarsa yana asarar kimanin shekara 10, kuma aƙalla rabin masu sha da ba su daina ba ita ce ke ajalinsu. Amma ga ɓangaren da ya shafe mu: wanda ya daina yana ɗan shekara 60 ya ceto kimanin shekara 3, mai 50 ya ceto 6, mai 40 ya ceto 9, wanda kuwa ya daina yana da 30 kusan dukkan goman ya ceto. Yawancin masu karanta wannan mujalla ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Ma'ana, dattijon nan da nake magana a kansa har yanzu ba a cuce shi cutar da ba ta gyaruwa ba. Hukuncinsa yana hannun saurayin da ke tsaye a bakin ƙofar ɗakin karatu.

Na san amsar da ake bayarwa, don ni ma na bayar. Ai akwai wani tsoho a garinmu da ya sha lofe har ya kai shekara 90. Ƙwarai akwai shi, kowane gari yana da nasa. Amma sa'o'insa da suka fara tare da shi suna ina? Ba su nan a majalisa balle su ba da shaida, an ce musu tari ne, ko hawan jini, ko ajali, aka rufe su. Sai kuma a ce ai kowa da ranarsa. Haka ne, kuma babu mai imani da zai musa. Sai dai mai faɗin haka ban taɓa ganin ya tsallaka titin Oxford ido rufe ba, yana duba dama ya duba hagu, ya kuma ƙara dubawa saboda a nan motoci ta hagu suke bi. Tawakkalin namu sai a kan abin da muke so yake tashi.

Game da hukuncin addini, ni ba malami ba ne, kuma masu karatu a Madina da Azhar sun fi ni sani. Abin da zan ce kawai, sa'ad da taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajen farkon ƙarni na 17, malamai sun saɓa a kanta, har Ahmad Baba na Timbuktu yana cikin waɗanda suka halatta ta. A zamaninsu ba wanda ya san abin da Doll ya gano bayan shekara fiye da 300. Da sani ya zo sai fatawoyi suka sauya, alal misali a shekarar 2000 Muftin Masar ya bayyana ta a matsayin haramun. Wanda yake laɓewa bayan kalmar makaruhi ya tambayi kansa ko su waɗancan malaman za su tsaya a kan maganarsu da sun ga hoton da ke jikin kwalinsa.

To amma ina da ƙorafi a kan ustazun nan na farkon magana, shi da duk masu irin salonsa. Nasiharsu gaskiya ce, amma sau da yawa abin da take haifarwa ƙarin ɓuya ne. A al'adarmu an haɗa shan taba da iskanci da rashin tarbiyya, har ana hana mutum aure saboda ita. Wannan kunya tana da amfani ga wanda bai fara ba, ta tsare da yawa, kuma ba na fatan ta gushe. Ga wanda ya riga ya kamu kuwa, kurkuku ce. Ba ya iya gaya wa kowa yana son dainawa, domin faɗin haka amsa laifi ne cewa yana sha. 'Yan'uwanmu mata da suka faɗa ciki, ko ta hanyar sigari ko ta shishar da ake ɗauka kamar wasa ce a shagunan titin Wilmslow, nasu kurkukun ya ninka namu sau goma, don su ko ƙawa ba sa iya gaya wa.

Zan ba da misali da kaina, ko da yake ba daɗi. Makon da na iso, na je yin rajista a asibitin unguwa, aka ba ni takarda in cike. A ciki akwai tambaya: kana shan taba? Na sa "a'a". Baturiyar da ke karɓar takardun ba ta san ni ba, ba ta san ubana ba, ba ruwanta da ko na sha ko ban sha ba. Amma hannuna da kansa ya rubuta ƙarya, saboda shekara tara ya yi yana koyon ɓoyewa. Na ɓoye wa mahaifina don girmamawa, wannan ana iya fahimta. Na ɓoye wa likita don me? Idan aka tambaye ni yau ina laifina yake a cikin shekaru 12 ɗin nan, ba zan nuna kwaɗayin da ke taso mini da asuba ba, wannan aikin jini ne. Zan nuna wannan "a'a" ɗin. Taimako yana gabana kyauta, na juya masa baya don kada wata baƙuwa ta san abin da Allah ya riga ya sani.

Sau biyar na gwada dainawa ni kaɗai a ɓoye, bisa tunanin cewa namiji ba ya neman taimako a kan ɗan karan taba. Mafi daɗewa kwana 11. Kowace faɗuwa kuma sai ta ƙara tabbatar mini cewa ni rago ne, ragon kuwa me zai yi in ba ya kunna wani ba? A karo na shida na koma asibitin nan na ce a gyara takardata. Aka tura ni wurin masu taimaka wa mutane su daina, irin wanda hukumar lafiya ta NHS ta fara kafawa tun wajen 1999. Matar da na tarar ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ba ni wani ɗan inji na hura, ya nuna yawan iskar kabon monoksaid da ke jikina, ta rubuta lambar. Ta ba ni filastar nikotin ta liƙawa a dantse da cingam na lokacin da abin ya taso, muka sa rana. Ta gaya mini kwana ukun farko su ne masu zafi, cewa cikin 'yan makonni abin zai lafa, kuma kowane tasowar sha'awa mintoci kaɗan yake yi ya wuce ko an sha ko ba a sha ba. Wannan na ƙarshen ban taɓa sani ba, don ban taɓa jira in gani ba. Bayan mako ɗaya na sake hurawa, lambar ta faɗo daidai da ta wanda bai taɓa sha ba.

Sauran aikin irin na azumi ne, wato rufe ƙofa. Na gaya wa abokin zamana, na ce in ya gan ni na nufi ƙofa bayan cin abinci ya ɗora shayi. Ya riƙe wannan amana fiye da yadda na so. Na daina bi ta gaban shagon da nake saye, ko da yake sabuwar hanyar ta fi tsawo. Na koma riƙe asuwaki, saboda hannu da baki su ma suna da nasu sabo. Na yi faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba, daga baya na bi su da ban haƙuri. Na ƙara ƙiba. Har yau idan na wuce wani yana zuƙa a cikin sanyi, wani abu a ƙirjina yakan juya ya bi warin, don haka ba na ce wa kowa na warke.

Da na cika wata shida sai na ga ya kamata in gaya wa mahaifiyata. Na yi kwana biyu ina shirya yadda zan fara. Ranar Juma'a na kira ta, muka gaisa, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan na ce, "Inna, akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki." Na faɗa mata duka, tun daga mai teburin bayan makaranta. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ta ce, "Ɗan nan, wa yake wanke maka kaya in ka zo hutu? Tun kana aji huɗu na sani. Babanka ma ya sani, shi ya hana ni magana, ya ce in muka tona ka za ka daina jin kunyarmu." Ta ce kullum in ta idar da sallar asuba sai ta ambaci abin da sunansa a cikin addu'a. Daga nan ta tambaye ni ko ina samun abinci mai kyau, ta ce a hoton da na aiko na Sallah ta ga kumatuna sun ciko.